Busar Tashi

Sabon Gari, Keffi
18 ga Nuwamba

Zuwa ga Zubaidatu Husaini,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da marasa lafiyarki na asibiti a Gombe, waɗanda aka ce sun fi tsoronki a kan allura.

Judit ce, 'yar Saja Malachi mai begila. Na faɗi haka ne don kada ki ce ba ki gane rubutun ba, kamar yadda wayarki ta kasa gane lambata. Mun yi wasan ƙasa tare a barikin Jos, ƙofarmu na kallon taku, kuma har yau da tabon haƙorinki a hannuna na hagu. Ba ramuwa na zo nema ba. Amma dai maganar haƙori ce ta sa na ɗauki biro, na kai wa Victor direban Gombe takarda har tasha, kamar muna zamanin da.

Haƙoran Baba na gaba sun lalace. Dasashin ya kumbura, ga shi yana da ciwon suga. Na kai shi wurin likitan haƙori, ya duba ya ce sai an cire. Baba ya tambaye shi ko mutum na iya busa begila da haƙoran roba. Likitan mutum ne mai gaskiya, ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Baba ya sa hularsa, ya sara masa, ya fita. Ni aka bari da ba da haƙuri.

Kin san shi, ko da yake kin daɗe kina yi kamar ba ki san shi ba. Har yanzu duk Lahadi bayan coci yana goge kakinsa na 'yan mazan jiya, yana wanke begilar da toka da lemun tsami. Maƙwabta sun hana shi busa da asuba, don haka ya koma bayan garejin Ezra da hantsi, inda ƙarar guduma ke rufa masa asiri. Shekaranjiya na ga jini a bakin begilar. Ya ce tsatsa ce. Tagulla ba ta tsatsa, amma ban yi masa gardama ba.

Ga abin da ya ce. Wai akwai busa ɗaya da ta rage bai yi ba ranar da aka binne mahaifinki, Kofur Husaini, a Laberiya. Ba zai bari a taɓa masa baki ba sai ya yi ta a ƙofar gidanku na cikin gari, kina tsaye, ranar sha biyar ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya. Ya daɗe yana neman izini wurin mahaifiyarki, Inna Halima Sadiya, ita kuma kullum ta ce a tambaye ki, ke ce 'yarsa tilo. Ke kuwa duk sallah da ya zo gaishe ta, kina jin sallamarsa sai ki tuna ana nemanki a maƙwabta. Bai matsa ba, ya ɗauka haƙori ba ya ritaya.

Ba don ƙasa nake roƙonki ba, Zubai. Masu jawabi za su yi wannan a watan Janairu, sun fi ni iyawa. Ni tsohona nake so ya buɗe wa likita baki kafin mugunyar ta shiga jininsa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo masa fasto, na kira yayana Ruben daga Fatakwal ya yi nasa ihun ta waya. Ina tsayar da ɗalibi ɗari uku da kallo ɗaya a jami'a, amma a gida ni kurtu ce.

Ki zo ki tsaya. Ba a ce ki yi kuka ba, ba a ce ki yi magana ba.

Ki huta lafiya.
Taki tun ta bariki,
Judit

*

Gombe
25 ga Nuwamba

Malama Judit,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na gode da zumunci. Ina fatan Baba Saja ya ji sauƙi, Allah ya ba shi lafiya. Na gane rubutun, kuma na tuna cizon. Ke kika fara ja min kitso.

Zan fara da abin da na sani. Mai ciwon suga da kumburin dasashi ba ya jiran Janairu. Na ga irin wannan ya sauka wuya cikin kwanaki, na ga kuma yadda ya ƙare. Ki gaya masa ma'aikaciyar jinya ce ta faɗa, ba 'yar Husaini ba.

Game da ɗaya maganar, ki yi haƙuri, ba zan zo ba. Mahaifina Musulmi ne. Abin da yake bukata daga gare ni addu'a ce da sadaka, kuma ban taɓa fasawa ba. Duk Juma'a ina yi masa, duk azumi ina ciyarwa da sunansa. Ban ga inda busa za ta ƙara masa komai ba. Baffa Mahfuz, ƙanensa, shi ke riƙe da gidan yanzu, kuma kin san malami ne mai almajirai manya. Ba na jin zai yarda a yi bushe-bushe a ƙofarsa.

Ba ni da ƙiyayya da Baba Saja. Na san bai taɓa tsallake sallah bai gaida Inna ba, na san shi ya yi ta zirga-zirga har aka kawo mu Keffi lokacin da muka bar bariki. Allah ya saka masa. Amma abin da ya dawo mana daga Laberiya akwatin ƙarfe ne, da hula, da carbi. Ba mu ga kabari ba, ba mu san ko da alama a kansa ba. Duk shekara ina ganinsu a talabijin suna ajiye furanni a gaban gunkin sojan da ba a san sunansa ba. Nawa yana da suna, kuma ba wanda ya taɓa kiran sunan.

Ba na son jin begila, Judit. Ko a talabijin aka busa, tashi nake in bar ɗakin. Kada ki tambaye ni dalili.

A gaida Baba, a ce ya bi umarnin likita. Wassalam.

Zubaidatu Husaini

*

Sabon Gari, Keffi
2 ga Disamba

Zubai,

Gaisuwa da fatan alheri, da ban gajiyar aiki. Na lura na zama Malama. Na karɓa, tunda ba a biya a kansa.

Na karanta wa Baba takardarki, ban rage komai ba. Ya saurara a tsaye. Da na zo wurin da kika ce ba wanda ya taɓa kiran sunan, sai ya zauna. Ya ce in kashe rediyo. Daga nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba duk tsawon rayuwata, ya ce in rubuta miki yadda ya faɗa. Zan yi ƙoƙari, ko da yake ni ba ni da tsayuwarsa.

Mahaifinki direban babbar mota ne a rundunarsu. Shi ya raɗa wa Baba suna Ladan, don begilarsa ce ke tashin Musulmin bataliya sallar asuba. Wai idan Baba ya makara ko kaɗan, sai Kofur Husaini ya leƙo tanti da butarsa ya ce, "Ladan, yau kuma an sha burkutu ne? Ka ja mana rana ta fito, ranar lahira kai za ka yi bayani." Baba ya ce masa, "Ni Kirista ne, Husaini, ladan nan wa zai ba ni?" Ya ce, "Ka dai busa, za mu raba."

Ranar da abin ya faru, an sami labarin mata da yara sun maƙale a wata makaranta hayin wani rafi, ana ta harbi a kan hanyar. Hafsansu ya tambayi direbobi wa zai je. Bai ba da umarni ba, tambaya ya yi. Sai ji aka yi mahaifinki ya ta da mota. Ya je ya kwaso, ya sauke, ya koma. Ya sake kwasowa, ya sake komawa. Mutanen da ba ya jin yarensu, ba su san ko daga wace ƙasa yake ba. A zuwan ƙarshe harsashi ya same shi a haƙarƙari tun daga gada. Bai tsaya ba. Ya kawo motar har shingen sojojinmu, ya gyara mata tsayuwa a gefen hanya, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Da suka buɗe ƙofa, ya riga ya cika. Baba ya ce wurin gangare ne, kuma bayan motar cike yake da yara. Ya maimaita min maganar birkin nan har sau biyu, kamar yana tsoron zan manta.

Sun binne shi a bakin wata gonar roba, tare da wasu sojoji uku. Musulmin rundunar suka yi masa salla, wani laskofur ɗan Sakkwato ya ja, suka fuskantar da shi gabas da na'urar hafsa mai nuna alƙibla. Yana da kabari, Zubai, kuma an yi shi daidai.

Bayan nan sai hakkin soja. Wai a jana'izarsu busa biyu ake yi. Ta farko ita ce ta barci, wadda ake yi a bariki idan an rufe dare. Sai kowa ya ƙame, a sunkuyar da kai, a yi shiru. Sai a yi ta biyu, ta tashi, irin ta asuba. Baba ya busa ta barci. Suna cikin shirun aka fara yi musu ruwan wuta, hafsa ya ce kowa ya kama mota. Ba su sake komawa wurin ba. Ta tashin ce ta rage.

Na tambaye shi me ya sa bai busa abarsa a daji ko a coci ya huta ba. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa takalmin da ba a goge ba.

Kumburin ya kai kunci. Kunu kawai yake sha, yana cewa tuwon ne ba daɗi.

Ni ban roƙe ki komai a wannan karon ba. Saƙo aka ba ni, na isar.

Ki gaida yara.
Judit

*

Gombe
7 ga Disamba

Judit,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki a wurin aiki, kuskure na yi. Sai da na shiga ɗakin magunguna na rufe ƙofa. Da na koma gida na karanta wa yarana maganar motar da birkin hannu. Babban ya tambaye ni me ya sa ban taɓa gaya musu ba. Na ce ni ma yau na sani. Ki yi wa Baba godiya. Ya ba ni abin da ban taɓa samu ba.

Amma ki duba abin da yake nema. Yana so ya busa wa mamaci tashi. Ba wanda zai tashi mahaifina sai ranar da Mala'ika Isra'filu ya busa ƙaho, kuma na san ku ma haka littafinku ya ce. In na tsaya ana yi masa busar tashi, me na tsaya shaida?

Kin ce ba ki roƙe ni ba, to ni ma zan gaya miki abin da na ce kada ki tambaya. Lokacin da labari ya zo bariki, ba wanda ya gaya min komai. Na ga mata sun cika ɗakinmu, aka ce Babana ya yi tafiya mai nisa, wanda dama na sani. Bayan watanni sai ga mahaifinki ya dawo da akwatin a kafaɗa. Na ruga na riƙe masa wando na ce ina Babana. Ya durƙusa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "An busa masa barci, 'yata."

Shekarata shida, kuma 'yar bariki ce ni. Na san abin da ke bin busar barci. Duk sojan da aka busa wa barci, da asuba ana busa masa tashi. Sai na ga ai magana ta ƙare, jira ne kawai. Kullum kafin asuba nakan sauko daga gado in tsaya a bakin ƙofa. A busa, in ga iyayen wasu suna fitowa suna ɗaura bel, in jira har layin ya watse, in koma. Haka na yi ta yi har muka bar bariki. Inna ta ɗauka fitsari ke tashina.

Har yau ban daina ba. Kafin ladan ya yi kiran farko na farka, kunnena a waje. Maigidana yana yabon ibadata a gaban mutane, ni kuma ban taɓa gyara masa ba.

Ban riƙe Baba Saja da komai ba. Ya faɗi abin da bakinsa ya iya ɗauka. Amma ba zan iya tsayawa in sake jin busar nan, in sake duban hanya ba.

Kumburin da ya kai kunci ba abin wasa ba ne. In ya fara zazzaɓi ko haɗiya ta yi masa wuya, ku ɗauke shi ko da ƙarfi.

Allah ya sa mu dace.
Zubaidatu

*

Sabon Gari, Keffi
11 ga Disamba

'Yata Zubaidatu,

Gaisuwa da sunan Allah wanda ya yi mu duka. Ni ne Malachi, Saja mai ritaya, mutumin Panda, abokin babanki. Da hannuna nake rubutawa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya tsufa.

Judit ta karanta min. Ban san kin tsaya a ƙofa ba. Da na sani, da na zo na ɗauke ki daga wurin.

Maganar Isra'filu gaskiya ce. Shi babban hafsa ne, ni saja ne. Ba na shiga aikinsa. Babanki yana hannun Allah, ba ya bukatar begilata.

Ki saurara. Busar barci ta wanda ya kwanta ce. Busar tashi ba tasa ba ce. Ta waɗanda suke tsaye a bakin kabari ce. Sun ƙame, kansu a ƙasa. In aka busa, sai su ɗaga kai. Ma'anarta, mun ajiye ɗan'uwanmu, gari ya waye, a koma aiki. Daga nan hafsa ya ce an sallame ku. In ba a busa ba, ba a sallami kowa ba.

Mu da muka tsaya a gonar roba, ba a sallame mu ba. Laskofur Akram da ya ja salla ya rasu a Sakkwato. Kyaftin ɗinmu ya rasu. Dogo ya rasu a Saliyo. Sauran ma na bi labarinsu, duk sun tafi. Ni kaɗai na rage a faretin. Da nake cewa sai kina tsaye, don babanki ba shi da kowa nasa a wurin ran nan, ina so jininsa ya tsaya masa. Yanzu na gane ashe kina cikin faretin tun tuni. Ke ma an tsayar da ke, ba a sallame ki ba.

Ba zan roƙe ki ba, soja ba ya roƙon marainiyar abokinsa. Kuma a maganar ciwo kin fi ni muƙami. In kika rubuto kika ce Saja, je ka cire haƙori, gobe zan je, ba gardama. Begila ta koma jaka, maganar ta mutu. Ba zan ji haushinki ba. Umarni nake jira.

Allah ya yi miki albarka, ke da 'ya'yanki. Babanki namiji ne. Ban taɓa ganin direba irinsa ba.

Naki,
Saja Malachi

Zubai, ni ce Judit a ƙasan takarda. Da gaske yake yi, na san shi. Kalma ɗaya daga gare ki ta ishe ni in kai shi asibiti, kuma abin da na nema ke nan tun farko. Ya kamata in ce ki rubuto ta. Na riƙe biron nan na daɗe, na kasa. Jikinsa da ɗumi tun jiya.

*

Gombe
13 ga Disamba

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Tunda umarni kake jira, ga shi.

Ranar da takardar nan ta iso, Judit ta kai ka a duba suga, a ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka sha yadda aka ce. Kada ka taɓa begila har ranar Asabar, ka bar leɓen ya huta. Sha biyar ga Janairu ranar gwamnati ce, bakinka ba zai kai ta ba. Ina zuwa Keffi ranar Juma'a. Asabar da hantsi za ka busa a ƙofar gidanmu. Litinin ni da kaina zan kai ka wurin likita, kuma ba za ka sara masa ka fita ba.

Baffa Mahfuz ku bar ni da shi.

'Yarka,
Zubaidatu

*

Sabon Gari, Keffi
17 ga Janairu

Zubai,

Gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Na yi jinkiri, takardun jarrabawa ne suka danne ni. Ɗalibaina sun rubuta abubuwa da yawa, kaɗan daga ciki ma sun shafi tambayoyin.

Kin tafi ranar Talata ba mu zauna ba, kuma akwai abin da ba ki gani ba. Ke kina gaba, idonki a kan titi. Ni ina baya, wurin da na fi iyawa.

Kin ji dai hukuncin Baffa Mahfuz, cewa ba a busa a zaurensa, amma titi na ƙaramar hukuma ne, ba shi da iko da shi. Abin da ba ki sani ba, tun da sassafe ya sa aka share titin da ba nasa ba, aka yayyafa ruwa, aka fito da benci biyu. Ya zauna a cikin zaure da littafi a buɗe, ya juya baya. Na lura har aka gama bai buɗe shafi na gaba ba.

Ban san wa ya gaya wa sauran 'yan mazan jiya ba. Sai ganinsu na yi suna saukowa daga keke ɗaya bayan ɗaya, da huluna da lambobin yabo a ƙirji, kakin ya yi wa wasu yawa, ya yi wa wasu kaɗan. Baba Jonatan, wanda yaƙin basasa ya cinye wa kunne, ya zo da sandarsa. An nuna musu benci, ba wanda ya ko kalle shi. Suka ja layi a bayanki. Mutanen da ba sa iya miƙewa daga kujerar coci ko tabarmar masallaci sai an kama su, na ga bayansu ya miƙe kamar an zare musu shekaru.

Da Baba ya ce, "Kofur Husaini Keffi, direba," ya kira sauran ukun da sunayensu, sannan ya ce, "Za mu ɗora daga inda aka tsaya. Shiru," akwai 'yan acaɓa a bakin kwana suna jiran hanya. Ɗaya ya ce, "Wai meye ake yi ne, biki?" Baba Jonatan, da bai ji abin da ya ce ba, ya waiwaya ya dube shi kawai. Sai ga shi ya kashe mashin. Na bayansa ma ya kashe. Mai tallan lemu ta sauke farantinta. Ban taɓa jin Keffi ta yi shiru haka ba, ko ranar ƙidaya.

Kin ji yadda gwajinsa na farko ya fashe, kamar an taka agwagwa. Abin da ba ki gani ba, ya juya gefe ya tofar da jini, ya goge baki da hannun riga, rigar da bai taɓa yarda ko ƙuda ya sauka a kanta ba. Ya sake ɗagawa. Sauran kin ji da kunnenki. Na sha jin busar nan tun ina cikin zani, kullum a matsayin abin da ke hana ni barci. Ran nan na ga ta ɗaga kawunan tsofaffi a lokaci ɗaya. Na ga naki ya ɗago daga baya, a hankali. Da ya ce, "An sallame ku," na duba na ga ni ma ƙafafuna a haɗe suke, hannuwana a gefe. Kada ki gaya wa kowa a jami'a.

Inna tana bayan labulen zaure. Na ɗauka kuka take yi, ashe har da dariya. Ta kama hannuna ta ce, "Haka yake tashinmu, wannan Ladan, ko Lahadi ba ya hutawa." Baffa kuwa kin ga fitowarsa da addu'ar da ya ja. Ina ganin bai yi niyyar ta kai tsawon haka ba. Baba ya buɗe hannuwa tare da kowa, begilar a hammata.

Bakin ya warke sarai. Ya karɓi haƙoransa daga wurin likita ya zuba a kwalin ashana, ya ce sun yi aiki, ba za a jefa su kwandon shara ba. Yanzu in ya ce Zubaidatu sai iska ta riga sunan fita.

Shekaranjiya aka yi bikin hukuma. An yi jawabai, an ajiye furanni, an saki tantabaru, biyu suka ƙi tashi sai da aka kaɗa su da takardar jawabi. Wani sojan bariki ya yi busar duka biyun. Na saci kallon Baba, ina jiran ya taɓe baki. Ya tsaya ƙyam har aka gama, sannan ya ce, "Ya iya. Numfashinsa ya fi nawa." A hanyar gida ya ce in saya masa tsire, ya tsotsa.

Na ce miki ba don ƙasa nake roƙonki ba, kuma ban canja magana ba. Amma da aka yi shirun nan a filin, na sami kaina ina tunanin wani gangare, da mota cike da yara, da hannu a kan birki. Yaran nan yanzu sa'anninmu ne, suna can wani wuri suna faɗa da 'ya'yansu. Ba su san sunansa ba. Mu mun sani.

Ki ɗauki waya in na kira. Victor direba ya fara tambayata ko soyayya muke yi.

Taki,
Judit

*

Gombe
22 ga Janairu

Judi,

Gaisuwa gare ki da Baba. A riƙa dama masa kunun gyaɗa ba suga, a bar tsiren nan.

Na so in gaya miki tun tuni, na bari ne in tabbata. Tun da na dawo, ladanin unguwarmu ne ke tashina. Shekaranjiya ma sai da maigida ya taɓa ni, har yana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, barci ne.

Ki gaya wa ɗaya Ladanin. Ki ce masa na koma aiki.

Taki tun ta bariki,
Zubai